Na'urar ƙasa ta san lokaci, mu a sama muka san zurfi

Tun da aka fara maganar man Kolmani, a tsakanin Bauchi da Gombe, tambayar da aka fi yi mini ita ce: yaya kuke sanin abin da ke faruwa a ƙasa, alhali bakin haƙa ya yi nisan kilomita uku ko huɗu? Da yawa suna zaton waya ake zurawa. A yawancin rijiyoyin da na yi aiki, da laka muke magana da ƙasa.

Famfuna suna tura lakar haƙa cikin bututu, ta fita ta bakin haƙa, ta dawo sama ta gefe ɗauke da tsakuwar da aka sara. Na'urar da muke kira MWD, mai yin awo ana cikin haƙa, tana zaune cikin wani bututu mai kauri, 'yan mitoci sama da bakin haƙa. A jikinta akwai ɗan bawul da yake matse hanyar laka ya sake. Kowace matsewa tana ɗaga matsin laka kaɗan, wannan bugun kuma yana gudu zuwa sama da saurin sauti a cikin laka, wajen mita 1,200 zuwa 1,500 a daƙiƙa. A rijiya mai mita 3,000, daƙiƙa biyu da ɗoriya ya iso. Sensar da muka ɗaura a bututun tsaye na gefen hasumiya ta ji shi, kwamfuta ta mayar da shi lambobi. Kamfanin Teleco ne ya fara sayar da wannan hidima a 1978, har yau kuma ita ce abin dogaro.

Wanda ya saba da intanet zai yi dariya idan ya ji saurin: bit ɗaya zuwa uku a daƙiƙa (bit shi ne mafi ƙanƙantar saƙon kwamfuta, 0 ko 1). Akwai nau'in da ke juyawa kamar jiniya wanda ya fi haka, amma shi ma ba ya wuce 'yan gommai. Lamba ɗaya takan ci bit 6 zuwa 12, don haka kafin a saukar da na'ura sai an zauna da mai lanƙwasa rijiya da masanin duwatsu an raba ɗan abin da ake da shi. Shi mai lanƙwasa yana son ganin inda bakin haƙa ya fuskanta a kai a kai, masanin duwatsu yana son gamma, wato hasken da ke bambance yumɓu da yashi. A ce gamma tana zuwa duk daƙiƙa 30, ana haƙa mita 60 a awa: maki biyu ke nan a kowace mita. Direla ya ninka gudu, ya koma maki ɗaya, siririn yashi ya wuce ba wanda ya gan shi. Shi ya sa idan an kusa shimfiɗar da ake nema nake roƙon a rage gudu, ko da wakilin kamfani zai ɓata rai.

Idan bugu ya ɓace, ba na fara zargin na'ura. Famfo nake fara dubawa. Famfo mai fistan uku da ke bugu 100 a minti yana hayaniya sau 5 a daƙiƙa, tacewar kwamfuta tana kawar da wannan cikin sauƙi. Amma bawul ɗaya na famfon ya cinye, sai wata hayaniya ta fito ƙasa da sau biyu a daƙiƙa, dab da inda bugunmu yake. Daga nan sai tulun da ke kwantar da bugun famfo: akwai iskar naitirojin a cikinsa, mukan so ta tsaya tsakanin sulusi da rabin matsin aiki. Ta zube, hayaniya ta cika layi. Ta yi yawa, tulun ya shanye bugunmu. Sai iska ko gas a cikin laka, wanda ke laƙume sauti kamar katifa. Sai kuma ɓawon gyaɗa da zare-zaren da ake zubawa don toshe inda laka ke ɓacewa cikin dutse. Idan aka juye su buhu-buhu ba a dama ba, su ne ke toshe bawul ɗinmu, kuma maganin wannan sau da yawa fito da bututu ne gaba ɗaya, aikin yini guda. Ban taɓa yarda a zuba ba sai na ji nawa ne a kowace ganga kuma wane kauri.

Akwai wasu hanyoyi biyu. Ɗaya tana aika saƙo da wutar lantarki mai ƙaramin zango ta cikin ƙasa zuwa turakun ƙarfe da aka kafa nesa da hasumiya. Ba ta buƙatar famfo, amma zurfi da duwatsu masu ruwan gishiri suna kashe ta. Ɗayar bututu ne mai waya a ciki, yana kai bit 57,600 a daƙiƙa, sai dai tsadarsa ta sa ba ko'ina ake ganinsa ba.

To, duk wannan rabin aikin ne. Na'urar ƙasa ba ta san zurfin da take ba. Agogo gare ta. Abin da take cewa shi ne, a lokaci kaza na auna kaza. Mu ne a sama muke cewa a wannan lokacin bakin haƙa yana mita kaza, kwamfuta ta haɗa biyun. Idan zurfinmu ya karkace, kyakkyawan awo ya zauna a kan dutsen da ba nasa ba, kuma ba abin da zai nuna a fuskar allo.

Zurfin yana fitowa daga inkoda, wato na'urar ƙirga juyi, da ke ɗaure a gindin gangar da ke naɗe igiyar ƙarfe. Ganga ta juya, inkoda ta ƙirga, kwamfuta ta lissafa tsayin da bulok, wato babban ƙarfen da igiyar ke ɗagawa wanda bututu ke rataye a jikinsa, ya hau ko ya sauka. Matsalar ita ce igiya tana hawa kan 'yar'uwarta hawa-hawa, kowane hawa kuma ya fi na ƙasansa faɗi, don haka juyi ɗaya ba tsayi ɗaya yake bayarwa ba. Mukan sauke bulok ƙasa, mu ɗaura masa tef na ƙarfe, direla ya ɗaga a hankali, mu rubuta ƙirga da tsayi a duk inda igiya ta canza hawa. Duk ranar da aka ja igiyar aka yanke tsohon ɓangarenta, wannan awon ya tashi aiki, sai an sake. Ma'aikatan dandamali ba su cika tunawa su gaya mana ba, ni nake bibiya.

Motsin bulok kuma ba kullum ne motsin bututu ba. Lokacin ƙara bututu, ana rataye na cikin rami a kan matsa a bakin tebur, wato wurin da bututu ke shiga rami a kan dandamalin hasumiya, bulok ya hau sama shi kaɗai. Kwamfuta tana gane haka ne da sensar nauyi da ke manne a igiyar da ba ta motsi: nauyi ya faɗi ƙasa da iyakar da muka sa, ta daina ƙirga zurfi. Idan bulok da injin juyawa suna da tan 25, iyakar tana ɗan sama da haka. Wurare biyu take ruɗewa. A farkon rami, inda abin da ke rataye bai wuce 'yan tan ba, da kuma rijiyar da ta kwanta sosai, inda bututu ke jan ciki a bango har nauyinsa ya ɓace daga ƙugiya. A nan sai ka ga ana sauka amma zurfi ya tsaya cak. A irin waɗannan wurare da hannu nake canzawa, idona a kan tebur.

Alƙalin ƙarshe shi ne littafin tali, inda ake rubuta tsayin kowane bututu da aka auna da tef, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ban da zaren da ke shigewa cikin ɗan'uwansa. Ɗaya wajen mita 9.5 ne, jerin uku wajen 28.5. A kowane haɗi muna gwada kwamfuta da tali. A wata rijiya, wani jeri ya ƙare inkoda tana cewa mita 19 aka haƙa, tali yana cewa 28.6. Na ɗauka sensar nauyi ce ta sake ruɗewa, na gyara kwamfuta ta bi tali. Bayan awa shida masanin duwatsu ya leƙo ɗakina da takarda a hannu: "Injiniya, yumɓun nan da muke jira ya sauka da kusan mita goma, ko dai mun tsallaka tsagewar ƙasa ne?" Babu wata tsagewa. Masu aikin rana sun cire bututu ɗaya mai lalataccen zare sun ajiye a gefe, ba a soke shi a littafi ba. Sai da muka ƙirga na cikin rami, da na tsaye a hasumiya, da na kwance a kan gadon bututu, muka gwada da jimillar da aka kawo wurin, sannan ya fito. Inkoda gaskiya ta faɗa, ni na ƙaryata ta. Tun daga nan, bambancin da bai kai santimita 30 ba nakan gyara in rubuta. Wanda ya wuce haka ba na taɓa komai sai an gano dalili.

Ko tali ya yi daidai, zurfin direla ba shi ne ainihin zurfi ba. An auna bututun ne yana kwance cikin iska. A rami nauyinsa yana miƙe shi, zafi ma yana miƙe shi. Mita 3,000 na ƙarfe da ya ƙara zafin digiri 40 a matsakaici yana ƙara kusan mita ɗaya da rabi, nauyin kansa ya ƙara kusan haka. Shi ya sa idan masu zura na'ura da waya suka zo bayanmu, sukan ga shimfiɗa ɗaya ta fi tamu zurfi da mita biyu ko uku. Wannan ba rigima ba ce, a rubuta a kan takarda wane zurfi aka bi kuma daga ina aka fara ƙirga, yawanci daga saman tebur.

Sauran abu biyu nakan yi da hannuna kafin na'ura ta shiga rami. Ina auna tazara daga bakin haƙa zuwa kowace sensa da tef, sau biyu, mutum biyu, domin gamma takan zauna mita 12 ko 15 a baya, sensar alƙibla ma ta fi haka, kuma kwamfuta abin da aka ba ta take cirewa. Sannan ina daidaita agogon na'ura da na kwamfutar zurfi. Na'urar tana ajiye awo mai yawa a ƙwaƙwalwarta fiye da abin da laka ta iya kawowa, kuma da lokaci kaɗai za a ɗora shi a kan zurfi idan ta fito. Saɓanin minti biyu ana haƙa mita 30 a awa, mita ɗaya ce cur. Idan ta fito nakan sake gwada agogunan kafin in zare batir, in rubuta daƙiƙun da ta zame, sannan in ɗora gammar ƙwaƙwalwa a kan wadda ta zo ta laka in ga ko ƙololuwansu sun hau kan juna.