Kada ku zagi Ricardo kafin ku karanta shi

Ɗan ƙanwata ya kawo mini aikinsa na kammala digiri kan cinikin ƙasa da ƙasa. Tun a shafin farko ya yanke hukunci: Adam Smith da David Ricardo, tsoffin masana tattalin arziki na Birtaniya, 'yan koren Turawan mulkin mallaka ne. Na ce, "Kai yaro, ka karanta su?" Ya ce, "Kawu, ai an san abin da suka ce." Gabana ya faɗi, don da bakina na sha faɗin haka.

Muna jami'a, maganar masana irin su Samir Amin da Walter Rodney ce ke tashe, cewa arzikin Turai daga talaucinmu ya fito. Ba laifinmu ba ne duka. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP, wato shirin tsuke bakin aljihu da sauya fasalin tattalin arziki, naira ta zube, albashin iyayenmu ya daina kai tsakiyar wata. Wa zai saurari Ricardo, Baturen da tun 1817 yake yabon ciniki ba shinge? Har gobe ina tare da masana tattalin arziki Prebisch da Singer, da suka nuna a 1950 cewa mai sayar da ɗanyen kaya, gyaɗa ko auduga, shi ke kwana ciki a gaban mai masana'anta.

Amma na yi shekaru ina koyarwa, ina zagin mutanen da ban buɗe littafinsu ba. Sai da furfura ta fito na gano Smith, tun 1776, ya caccaki kamfanin Ingila da ke tatsar Indiya. Ricardo kuwa faɗansa da masu manyan gonakin ƙasarsa ne, kan harajin shigo da hatsi da ke tsadar da abinci yana cika musu aljihu; sai 1846 aka soke harajin, bayan mutuwar Ricardo. Friedrich List, masanin Jamus da ya ce a 1841 ƙasa mai tasowa ta kare ƙananan masana'antunta har su yi ƙwari, ko sunansa ban kawo wa ɗalibaina ba, alhali maganarsa ta fi kusa da ciwon masaƙun Kaduna. Da Koriya ta Kudu ta tashi da sayar wa duniya kaya, sai na ce ai Amurka ce ta tsaya mata. Akwai gaskiya ciki, amma gudun tambayar nake yi.

To, ku matasa, ku karanta wanda kuka tsana daga bakinsa. Ku duba shekarar da ya yi rubutu, da wanda yake faɗa da shi. Ku kam bidiyon minti biyu a waya ya ishe ku zama malamai. Mu ko ba komai mun sha ƙurar laburare. Kada ku yi saurin ɗaukar ɓangare. Kodayake mara ɓangare ma ba ya tsinana komai. Gara mini yaro mai zafin kai da wanda bai taɓa tambayar dalilin da ya sa atamfar Kantin Kwari take zuwa daga Sin ba.