Sitikar da Auta ya ɓamɓare

Asabar. Yayyafi tun asuba, irin na Landan wanda ba ya jiƙa ka sharkaf amma ya hana ka fita. Maman yara ta tafi Peckham cefane, ta bar min kicin bisa sharaɗin ta dawo ta same shi yadda ta bar shi. Kwalayen nan biyu na Yaya da aka sauko da su daga saman silin ranar da suka tashi daga tsohon gida, yau Allah ya yi na buɗe su. Fayafayan garmaho 86, kusan duka masu faɗin inci 12, rabi kiɗan rawa na house rabi na jungle, duk suna warin raɓa. Auta ya zo taya ni, da shayinsa a hannu da waƙa a baki.

Komai lafiya lau har wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na juya in ɗauko tsumma, sai na ji ƙyas. Ko da na waiwayo, yaron ya sa farce ya ɓamɓare wata 'yar sitika daga kusurwar rigar wani faifai, ya murje ta tsakanin yatsu kamar ƙullin tuwo.

“Kai! Wa ya aike ka?”

Tsawar ta fi laifin, ni ma na ji a kunnena. Ya tsaya yana kallona. “Baffa, ai datti ne. Kai ka ce a goge komai.” Kuma gaskiyarsa, ni na faɗa.

Faifan da ya taɓa ba shi da suna. Farar riga, farar takarda a tsakiya, ba sunan mai kiɗa, ba sunan kamfani, ba a ma rubuta gudun da za a juya shi ba. Haka ake fitar da su a shekarun 1990: mutum ya haɗa kiɗa a ɗakinsa, ya kai a buga masa ɗaruruwa kaɗan, ya zuba a but ɗin mota ya bi shaguna yana ajiyewa, in an sayar a biya shi, in ba a sayar ba ya zo ya kwashe kayansa. Wasu da gangan suke ɓoye suna, ko don sun ɗebo muryar wani ba izini, ko don kada abokin hamayya ya san abin da DJ ke juyawa. Abin da kawai ya rage a jikin wannan faifan da zai faɗi asalinsa shi ne sitikar shagon Black Market, da farashi, da wasu haruffa da mai kanta ya rubuta da biro. Na warware abin da ya murje a kan tebur. Sunan shagon ya fita, biron ya tafi.

Auta bai taɓa jin sunan ba, dole na yi masa bayani, kuma ina bayanin ina ƙara jin haushin da ban san na wa ba ne. Shagon yana lamba 25 a titin D'Arblay, cikin Soho, taku kaɗan daga titin Berwick. Tun ƙarshen shekarun 1980 yake nan, daga baya aka koma kiran sa BM Soho, aka rufe shi a watan Fabrairun 2015 kan saɓanin hayar ginin. Sama house da danginsa. Ƙasa, ɗakin da ake sauka ta matattakala, nan jungle da drum and bass suke, hannun DJ Nicky Blackmarket, kuma DJ Ray Keith ma ya tsaya a bayan kantar nan. Cinikin ba irin na shiga ka yi ta lalube a akwati ba ne. Sabbin kaya suna jere a bango bayan kanta, mai kanta ya ɗora faifai ya ƙure lasifika, jama'a a cunkushe. Wanda kiɗan ya shige shi ya ɗaga hannu, a miƙo masa nasa ta saman kawuna. In kwafi biyar ne suka zo, mutum biyar na farko su ne masu rabo. Wanda ya saba zuwa kuwa, kafin ya buɗe baki an riga an ware masa nasa a ƙarƙashin kanta, don mai kantar ya san a wace rediyon bayan fage yake juyi da daren Juma'a, ya san irin bes ɗin da yake so. Ka shigo ka rera ɗan guntun abin da ka ji a Kool FM jiya da dare, ko da muryarka ta kwaɗo ce, wani a bayan kantar zai juya ya zaro maka shi.

“To Baffa, ai waya ma tana yin wannan.”

Na ce bismilla. Muka ɗora faifan a kan garmahona Technics, ya kara wayarsa kusa da lasifika da Shazam, manhajar gano sunan kiɗa, a buɗe. Sau uku tana juyi tana dawowa hannu rabbana. Ya ce wai kiɗan ne ba daɗi, ya yi nauyi, kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Nan ne dariya ta kama ni karo na farko tun tsawar, don a kan gudun 33, wato juyi 33 a minti, ya sa shi. Na ce ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu. Ya samu 120 ko kusa. Na danna 45, ya sake ƙirgawa, 164. Lissafin ke nan: faifan da aka yanka don 45, in ka juya shi a 33 da sulusi, gudunsa yana komawa kusan kashi 74 cikin ɗari, sai jungle ya sauko daidai inda house yake zama, tsakanin 120 da 128. Abin da ke tona asiri shi ne murya da kuge, za ka ji sun yi kauri sun ja jiki. Sandar ƙara gudu da ke gefe ba za ta cece ka ba, kashi 8 cikin ɗari kawai take bayarwa sama ko ƙasa. A 45 ɗin ma wayar ba ta gane shi ba, amma ƙafar Auta ta fara motsi a ƙarƙashin tebur, na gani ban ce komai ba.

Sai allura ta yi tsalle daidai inda bes ya faɗo. Ya miƙa hannu zai ɗora kwabo a kan allurar, wai haka ya ga ana yi. Wannan karon a hankali na riƙe hannun. Kwabo yana hana tsalle, amma yana nome tsagin faifan, kuma abin da allura ta nome ba ya dawowa. Gyaran na minti biyar ne. Ka fara da tabbatar da cewa na'urar a miƙe take, ƙafafunta huɗu suna murɗuwa. Ka mayar da maɓallin hana zamewa sifili. Ka murɗa ƙarfen nauyin da ke bayan hannun har hannun ya tsaya a iska da kansa, ba sama ba ƙasa. Ka riƙe ƙarfen, ka juya zoben lambobin shi kaɗai zuwa sifili, sannan ka murɗa duka biyun tare zuwa nauyin da kan allurar ke so. Nawa Shure M44-7 ne, daga giram 1.5 zuwa 3 yake ɗauka, ni a 2.5 nake barin sa. Tun 2018 kamfanin ya daina yin su, shi ya sa nake lallaɓa wanda ya rage min kamar ƙwai. Namu na yau ya zame zuwa ƙasa da giram ɗaya, wataƙila garin goge ƙura. Rashin nauyi ma ɓarna ne, allurar tana ta karo da bangon tsagi maimakon ta zauna a ciki.

Da aka gyara, tsallen ya tafi, saura ƙas-ƙas ɗin daƙiƙun farko. Wannan ba wanki ke fitar da shi ba. Tabon DJ ne: wurin bugun farko, inda ake riƙe faifai da yatsa a yi ta kai shi gaba a dawo da shi baya ana jiran lokacin saki. Duk faifan da ka ji farkonsa ya ƙone haka, ya sha rawa. Wannan ya sha sosai. Ashe Yaya ba kallo kawai yake zuwa yi ba.

Wanki ya cinye mana yamma. Ruwan famfo bai shiga ciki, duk wanda ya leƙa cikin butar shayinsa a garin nan ya san farin dutsen da yake bari, kuma haka zai bar shi a cikin tsagi. Tataccen ruwa kashi huɗu, sifirit irin isopropyl kashi ɗaya, ɗigo ɗaya tak na sabulun wanke-wanke a lita guda don ruwan ya shiga tsagin maimakon ya tsaya dunƙule a sama. A fara share busasshiyar ƙura da burushi mai laushi, in ba haka ba laka za ka kwaɓa. A bi tsagin a zagaye, kada a ratsa shi. Takardar tsakiya kada ta jiƙe. A ɗauraye da tataccen ruwa zalla, a jingine a tsaye ya bushe da kansa, nesa da hita. Tsohuwar rigar ciki ta takarda a zubar, ita ce gidan raɓar. In an gama a jera su a tsaye, ba a kwance ba. Goma sha ɗaya daga cikin na Yaya sun lanƙwashe don an kife su kan juna shekara da shekaru ƙarƙashin rufin da ke ɗaukar zafi, uku a ciki har allura ba ta iya hawa.

Saura ƙiris a yi ɓarna ta biyu, kuma wannan karon Auta ne ya hana. Ya ɗago wani mai inci 10 ya ce, “Baffa, wannan ya fi sauran nauyi, kuma wari yake kamar man farce.” Na karɓe shi kafin ruwan ya taɓa shi. Dubplate ne, farantin alminiyom da aka shafe da wani irin fenti mai laushi, ana yanka kiɗa a kai kwafi ɗaya tilo. A wancan zamanin manyan DJ na jungle a Music House, wurin yanka faifai a Holloway, suke layin yanka su, don su juya kiɗan da bai fito kasuwa ba tukuna. In ka ƙwanƙwasa gefensa da farce ƙarar ƙarfe yake yi. Sifirit yana cin fentin, kiɗan ya bi tsumma. Ko ba a wanke ba, bayan juyi 'yan gomomi sautin sama ya fara dushewa. Burushi busasshe kawai, a juya shi sau ɗaya a naɗa a kwamfuta, a mayar da shi riga. Na ce masa ya biya bashin sitika. Ya ce shi bai san an bi shi bashi ba.

Bayan la'asar na koma kan farin faifan da fitilar waya. Tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya akwai fili mai santsi, nan mai yanka faifai yake karce lamba da hannu, wani lokacin har da sa hannunsa. Wani mai yanka, George Peckham, “A Porky Prime Cut” yake rubutawa. In ka ga MPO, a Faransa aka buga. Sai an karkata faifan hasken ya kwanta a kansa sannan rubutun ke fitowa. Namu haruffa uku ne da lamba da A a gefe guda, AA a ɗayan. Na zuba su a Discogs, shafin intanet na bayanan fayafayai, wanda da ma don kiɗan irin wannan aka fara shi a 2000. Ya kawo min abubuwa huɗu, na saurari uku, ba shi ba ne. Na huɗun ba sauti, ba hoto, an rubuta ba a san mai shi ba.

Daga nan raina ya ɓaci, ba gaira ba dalili. Fayafayan ba su ɓace ba, ga su nan a intanet, wanda aka saya fam biyar ana neman hamsin. Shagunan ma ba su ƙare ba, Phonica tana nan a titin Poland, Sister Ray da Reckless suna Berwick. Amma wanda ya rubuta haruffan nan da biro ya san wanda ya kawo faifan, ya san motar da ya zo da ita, kuma ba a littafi ya ajiye sanin ba. Haka shagon Big Apple na kasuwar titin Surrey a Croydon, inda DJ Hatcha da Skream suka tsaya kanta kafin duniya ta san sunan kiɗan dubstep, aka rufe shi a 2004. Ko a Kano mai shagon kaset da za ka rera wa baiti ɗaya ya zaro maka, mai tura waƙa a memori ya gaje shi, shi kuwa sai ka faɗa masa suna.

Da zan cire sitikar ma, ba da farce ba. A zare faifan, a ɗauki hoton rubutun, a hura na'urar busar da gashi daga nesa kamar daƙiƙa 20, a ɗaga gefe da katin roba. In gam ya ƙi, ɗigo biyu na man leta, yana bushewa bai bar tabo ba. Wannan ya kamata in faɗa masa da safe kafin in ba shi tsumma.

Na kira Yaya. Bai ɗauka ba. Na tura masa daƙiƙa 30 na kiɗan a WhatsApp, alama biyu shuɗaye, shiru.

Abincin dare: taliya da sauran miyar jiya. Auta ya ci faranti biyu, ya tafi da guda uku na house da ya zaɓa da kansa, ko garmaho ba shi da shi.

An wanke 52, saura 34. Tataccen ruwa ya ƙare.

Maman yara ta dawo ta tarar da fayafayai tara a jere cikin kwandon shanya faranti. Ta tsaya bakin ƙofa da ledoji a hannu, ta dube su, ta dube ni. Na ce zuwa goma sun bushe. Guntun sitikar na manna shi da salatif a cikin rigar, ta ciki, inda farce ba zai kai ba. Wayata ta yi ƙara yanzu, Yaya ne, saƙon murya na minti huɗu. Sai na kwashe fayafayan nan tukuna.