Kiwon Turke: Mun Iso Wajen Yanka da Sayar da Nama

'Yan uwa masu koyon kiwo, mun gama maganar ciyar da sa da dusa da harawa. Yanzu sai maganar yanka sa a sayar da namansa kai tsaye, maimakon a kai shi kara a Jega ko Birnin Kebbi a bar wa dillali.

Lissafi tukuna. Sa irin Gudali mai kilo 300 a tsaye, in aka cire kai, ƙafa, ƙirgi da kayan ciki, abin da ke saura bai cika wuce kilo 150 zuwa 165 ba, da ƙashinsa. Tsoka zalla wajen kilo 100 zuwa 110 ce. Wanda ya yanke farashi da girman sa a ido, shi ke kwana ciki.

Kada wuƙa ta hau wuya sai an sayar da naman. Watanda ta fi komai sauƙi: a raba kashi 20, a rubuta sunaye, a karɓi kuɗi a hannu. Bashi shi ke kashe wannan sana'a, musamman na dangi da maƙwabta, domin naman da aka riga aka cinye ba ya da mai biya da wuri. Wajen kasafi kowane kashi ya samu tsoka, ƙashi, kitse, hanta da tumbi. Tozo ne ke haddasa rigima. Ko a yanka shi ƙanana ya zagaya kowa, ko a sayar da shi daban. Bayan nan a jefa ƙuri'a, kada wani ya zaɓa da kansa.

Kafin yanka a duba kwalbar allurar ƙarshe da aka yi wa san. Oxytetracycline, allurar kashe ƙwayoyin cuta mai dogon aiki, na buƙatar wajen mako uku zuwa huɗu kafin naman ya ciwu. A ɗauke abinci awa 12 zuwa 24, ruwa kuma a bar masa, don tumbin da ya cika yakan fashe wajen fiɗa ya ɓata nama. A yanka da asuba, a kwata, inda ma'aikacin lafiyar dabbobi zai duba. Shanun da suka yi kiwo a fadamun Yauri da Argungu sukan zo da tsutsar hanta: za ka ga jijiyoyin hantar sun yi fari sun yi kauri. Wannan hantar zubarwa ake yi. Huhu mai ƙulluttai kuwa, a dakata da rabo sai likita ya gani.

Da bazara zafi kan haura digiri 40, wuta kuma ba tabbas, don haka kada a dogara da firiza. Kayan ciki su fara fita kafin hantsi. Kada a cusa nama mai ɗumi a leda a ƙulle. Zai yi gumi ya fara wari. Abin da ya rage zuwa azahar a soya shi da kitsensa, tsokar cinya kuma a ba mai kilishi ya shanya tun rana na da ƙarfi. Ladan mahauci a daidaita shi tun jiya, kuɗi ne ko nama.