Ɗamarar Gini da Dashen Itace a Tsaunukan Atlas

Ni haifaffen Damagaram ne, jikan magina. Karatun gini ya kawo ni Maroko, aure da neman halak suka zaunar da ni. Ina da ɗan kamfani a gefen garin Amizmiz, a gindin tsaunukan Atlas, mu tara ne: injinan hannu biyu na matse bulon ƙasa, tsohuwar akori-kura, sai wani fili a baya inda muke renon itatuwa.

Ranar Juma'a 8 ga Satumba 2023, ƙarfe 11 da 'yan mintoci na dare, ƙasa ta girgiza da ƙarfin maki 6.8. Cibiyar abin tana lardin Al Haouz, nan tsakiyar tsaunukan da muke aiki. Kusan mutum 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Ko masallacin Tinmel, da ke tsaye tun ƙarni na 12, bai tsira ba. Makonnin farko babu batun sana'a. Motarmu barguna da tantuna ta riƙa ɗauka har inda hanya ta yanke, daga nan alfadarai su karɓa.

Da aka fara zancen sake gini, sai na tarar mutane sun tsani ginin ƙasa. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya tono ɗansa daga ƙarƙashin bangon laka, da wane baki za ka ce masa ya koma cikin laka? Gwamnati ta ware dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya, 80,000 ga wanda nasa ya taɓu, kuma kowa siminti da rodi yake ambato.

Ni kuwa na bi kufai ɗaya bayan ɗaya, na duba da idona. Yawancin gidajen da suka zube, kusurwoyinsu ne suka buɗe: bango nan, bango can, babu abin da ya haɗa su. Wasu rufin ya yi nauyi, don duk shekara ana ƙara masa ƙasa ba a rage ta da. Wasu damshi ya cinye gindinsu tun tuni. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne gidan da aka ɗora wa benen kankare a kan tsohon bangon laka. Kuma na ga gidajen siminti da aka yi wa ƙwauron rodi sun kwanta kamar kowa.

Shi ya sa duk aikinmu ya koma kan abu guda, abin da nake kira ɗamara. Tushe na dutse da siminti, a ɗaga shi sama da ƙasa don ruwa kada ya taɓa bulo. Kusurwa a sarƙe ta. Taga kada ta yi faɗi, kada ta matso kusurwa. A saman bango a zagaya da ɗamara guda wadda ba ta yanke ba, ta katako ko ta kankare, a ɗaure azara a jikinta, rufi ya zama marar nauyi. Maroko tana da dokar gini da ƙasa a wuraren girgiza, kuma ba ma aza bulo ɗaya sai injiniya ya sa hannu a zane.

Bulon kansa yana son haƙuri. Ina zuba ƙasar wurin a kwalba da ruwa, in girgiza, in bar ta ta kwana. Da safe yashi na ƙasa, laka na sama, in ga ko za ta yi. Mu tankaɗe, mu sa ɗan siminti kaɗan, mu yayyafa ruwa har in ka dunƙule ta a hannu ta riƙe amma ba ta jiƙa maka tafi ba. A matse, a jera a inuwa, a lulluɓe da leda, a riƙa ba shi ruwa har mako huɗu. Akwai wani ɗan kwangila da ya matsa min in ba shi na kwana goma. Na hana, ya tafi da cinikinsa, watan nan da ƙyar na biya yara. Har yau ban yi nadama ba.

Hunturu ne ya yi mana talla. A nan dusar ƙanƙara take sauka, kuma ɗakin bulon siminti ba ya riƙe ɗumi. Wani dattijo da ya kore ni da farko ya zo ya zauna a ɗakin gwajin da muka gina, ya dafa bango ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya ce, "Ɗana, ka tabbata ba zai faɗo wa jikokina ba?" Na ce, "Baba, tabbas na Allah ne. Amma zo in nuna maka abin da ya riƙe shi." Na hau da shi tsani ya taɓa ɗamarar da hannunsa. Ginin nasa da gayya aka yi shi. Su a harshensu na Tashelhit tiwizi suke ce mata, kuma ranar da na ga mata na kawo shayi da burodi, maza na miƙa bulo hannu da hannu, sai na tuna gida.

Azara ce ta kai ni ga itace. Kowane gida na son katako, tsaunin kuma ya riga ya yi sanƙo: kiwo, itacen girki, ga fari na shekaru a jere. In kowa ya hau da gatari, gangaren da girgiza ta riga ta sassauta zai zubo da ruwan farko. Don haka duk gidan da muka gina, muna haɗa wa mai shi da dashe. Zaitun da almon da karub (itace mai 'ya'ya a kwanso masu zaƙi) a busasshen gangare, ɓaure da ruman kusa da gida, safsaf (wani dogon itace mai son ruwa) a bakin hanyar ruwa don shi ne azarar gobe. Irin karub taurin kai gare shi, sai an jiƙa shi a ruwan zafi kafin ya tsaga. Ba na kawo baƙon itace don saurin girma. Wanda mutum zai ci 'ya'yansa ko ya sayar shi yake shayarwa.

Dasawa ba wuya. Wuyar ita ce rani na farko da awaki. A wani ƙauye mun yi asarar fiye da rabin dashenmu a mako guda saboda ba a yi shinge ba. Tun daga nan ba na sauke ko tsiro ɗaya sai an gyara katangar dutsen gonar, an buɗe hanyar ruwa, an kuma zauna da makiyaya an yi magana. Na kan ba su labarin manoman Maraɗi da Damagaram, yadda suka maido da gawo a gonakinsu ta hanyar kare tohon da ya fito da kansa. Yanzu a gangare biyu mun kewaye tsofaffin kututture, sun fara toho.

Jibi za mu hau da bulo da tsiron zaitun zuwa wani ƙauye a saman garin Wirgan. Mota za ta tsaya a gada, na riga na yi magana da mai alfadarai.