Sana'ar koyar da ɗalibin da ba ka gani

Ƙaramin kamfani ne da ni, na koyar da 'yan sakandare lissafi da kimiyya ta intanet. Ba mu da aji, ba mu da ƙararrawa, ba mu da maigadi a ƙofa. Ni ne da malamai 'yan ƙalilan, kowa na koyarwa daga ɗakinsa, sai wata ma'aikaciya da ke riƙe da rajista da wayar kamfani. Mun shigo harkar ne a 2020, shekarar da korona ta sa aka rufe makarantu, har hukumar UNESCO ta ce abin ya shafi ɗalibai sama da biliyan 1.5 a duniya. A lokacin duk mai waya da ɗan ilimi ya zama malamin intanet. Da aka buɗe makarantu, da yawa suka naɗe tabarmarsu, domin ɗaliban da dole ta kawo sun koma inda suka fito. Mu da muka rage, ɗalibinmu na yau ba dole ce ta kawo shi ba, kuma yatsa ɗaya ya ishe shi ficewa daga aji yana nan zaune inda yake.

Malamin da ke tsaye a aji yana da dukiyar da bai san da ita ba sai ya rasa ta. Yana rubutu a allo amma kunnensa na baya. Ya juyo ya ga wanda ya yamutsa fuska, da wadda bironta ya tsaya, da su biyun can da suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Duk wannan ba ya biyo ka intanet. Abin da ke gabanka baƙaƙen akwatuna ne da sunaye a ƙasansu, makirufo duk a kashe. Ka ce "kun gane?" sai shiru, can sai mutum ɗaya ya rubuto "eh Malam". Ga shi wayar da yaron ke karatu da ita a cikinta abokansa suke, da wasanninsa, da gajerun bidiyon da aka tsara musamman don kada ya iya ajiye wayar. Kai da lissafinka kana gasa ne da kamfanonin da ke biyan dubban injiniyoyi don su riƙe idon wannan yaron, kuma daɗin baki kaɗai ba ya cin irin wannan gasa.

Shi ya sa doka ta farko da nake gindaya wa duk malamin da ya zo aiki ita ce, kada ya yi magana ta wuce minti biyar bai sa kowane ɗalibi ya yi wani abu da hannunsa ba. Kowane ɗalibi nake nufi, ba zaƙaƙurin nan da kullum hannunsa ke sama ba. Tambayar "kun gane?" kuwa mun soke ta, don ba ta taɓa gaya wa malami komai ba.

Bari in nuna yadda abin yake. Malama ta rubuta 3x + 5 = 20, sai ta ce: "Kowa ya rubuta amsarsa a wurin saƙo, amma kada wanda ya tura. Idan na ƙirga uku sai ku tura gaba ɗaya." Ta ba su minti guda, ta ƙirga, amsoshi suka zubo a lokaci ɗaya: 5, 5, 15, 5, 25/3, 5. Hikimar tura wa tare ita ce babu damar kwafar amsar gwanin aji. A daƙiƙa kaɗan ta ga abin da malamin aji sai ya zaga benci-benci kafin ya gani. Mai 15 ya cire biyar daidai, ya manta ya raba da uku. Mai 25/3 ya ƙetarar da biyar ɗin bai canza alamarta ba, wato matsalarsa ta fi ta wancan zurfi. Wanda bai tura komai ba shi ma ya ba da labari. Daga nan ba ta cewa wane ya faɗi. Cewa take: "Na ga 15 a cikin amsoshi, kuma akwai tunani mai kyau a bayanta. Wa zai gaya mana matakin da ya rage?" Idan aka kunyata yaro sau ɗaya a gaban abokansa, mako mai zuwa zai shigo ajin, amma ba za ka sake ganin rubutunsa ba.

Abu mafi wuya ga sabon malami shi ne shiru. Tun a shekarun 1970 wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna lokacin da malamai ke jira bayan sun yi tambaya, ta samu kusan daƙiƙa ɗaya ce kafin su maimaita, ko su kira wani, ko su amsa da kansu. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba ma suka fara buɗe baki. A cikin aji ke nan. A intanet kuwa sai muryarka ta isa, yaro ya yi tunani, ya laluba inda zai kunna makirufo, ya saurara ko wani ya riga shi, sannan muryarsa ta dawo. Nakan ce wa malamaina su ƙirga goma a zuci. Ga wanda ke kallon baƙin sikirin shi kaɗai a ɗaki, goman nan tana da tsawo ƙwarai, har ya fara zaton intanet ce ta yanke. Mafi yawan amsoshin da suka fi ma'ana a ƙarshen ƙirgar suke zuwa.

Maganar kyamara ita ce wadda muka fi yin sa-in-sa da iyaye a kanta. Uba zai kira ya ce: "Malam, ku tilasta masa ya kunna kyamara mana, in ba haka ba ta ina za ku san yana nan?" Na fahimci damuwarsa, amma ba na tilastawa. Fuska a kyamara ba shaidar hankali ba ce. Yaro na iya ƙura wa waya ido yana gyaɗa kai alhali wasa yake bugawa a ɗaya gefen. Wani kuma ɗakin da yake ciki da ƙannensa ne a bayansa, ba ya son abokan karatu su ga cikin gidansu, kuma hakkinsa ne. Wani bidiyo ke cinye masa data, ko intanet ɗinsa ba ta da ƙarfin ɗaukar hoto da murya tare. A 2021 Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya yi bayanin abubuwan da ke gajiyar da mutane a taron bidiyo, daga ciki akwai ganin fuskarka da kanka tsawon lokaci, da zama wuri ɗaya don kada ka fita daga hoto, da idanun jama'a da ke kanka kusa-kusa. Idan babba na gajiya da haka, ina ga budurwa 'yar shekara goma sha biyar da rabin hankalinta ke kan yadda ta fito? Zoom, manhajar taron bidiyo, ma ta taɓa samun wani tsari da ke nuna wa mai taro wanda ya bar shafin ya koma wani, amma ta cire shi a watan Afrilun 2020 bayan ƙorafi kan sirrin jama'a. Ni ban yi kewarsa ba.

Abin da muke nema a madadin fuska shi ne littafi. A tsakiyar darasi malami zai ce kowa ya ɗauki hoton shafin da yake aiki a kai ya turo. Hoton yakan zo a karkace, da inuwar waya a kai, wani lokacin har da yatsan mai ɗauka, amma a ciki kana ganin inda ya soke layi, inda ya sake farawa, inda ya tsaya cak. Nakan tura wa uban nan hoton in ce: "Ga abin da ɗanka ya yi da hannunsa a darasin yau." Yawanci daga nan maganar kyamara take mutuwa.

Bidiyon da muke naɗa don bita gajeru ne. Wani nazari da Philip Guo da abokan aikinsa suka yi a 2014 kan kallon bidiyo har sau miliyan 6.9 a dandalin darussan intanet na edX ya nuna cewa da bidiyo ya wuce minti shida masu kallo ke fara zamewa, kuma bidiyon da ake ganin rubutu yana fitowa da hannu ya fi riƙe mutane a kan allunan da aka shirya tsaf. Wannan ya yi wa aljihun ƙaramin kamfani daɗi. Kayan aikinmu waya ce da aka ɗora a kan tarin littattafai tana kallon farar takarda, da alƙalami mai kauri, da fitila a gefen da hannu ba zai yi inuwa ba. Malami na warware tambaya ɗaya yana magana, in ya yi kuskure ya soke ya gyara a gaban kyamara, ba ma yankewa.

Raba ɗalibai zuwa ƙananan ɗakunan tattaunawa a cikin manhaja kuwa, wanda ake ta yabo, ban cika amfani da shi ba. In ba ka ba su aiki takamaimai da ƙayyadadden lokaci da wanda zai kawo rahoto ba, za ka leƙa ka tarar da mutum huɗu sun yi tsit kowa na jiran wani. Iyakar minti 40 da Zoom ke sa wa taron kyauta ta fi shi amfani a wurina, domin yankewar taron ta zame mana hutu. Mun daɗe da komawa na biya, amma mun riƙe hutun, kowa ya tashi ya miƙe ƙafa ya dawo.

Rabin aikin kamfanin nan ba a lokacin darasi ake yin sa ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019 kan darussan intanet na kyauta na jami'o'in MIT da Harvard ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai na masu shiga suka kammala. Manyan farfesoshi ne ke koyarwa, kayan aiki babu na biyunsu, amma in ka daina zuwa babu wanda zai san ka daina. Isaac Pitman, wanda ya koyar da gajeren rubutun sakatarori ta gidan waya a Ingila tun wajajen 1840, abin da ya riƙe ɗalibansa shi ne suna aiko da aikinsu yana gyarawa yana mayar musu. Darasin lissafi kyauta ne a YouTube, wasu ma sun fi namu kyau. Abin da iyaye ke biyan mu dominsa shi ne a samu mutumin da zai lura.

Aikin ma'aikaciyar rajista ke nan. Bayan kowane darasi malami na ba ta sunaye iri biyu: wanda bai zo ba, da wanda ya zo amma bai tura komai ba. Na biyun ya fi ba ni tsoro, domin a takarda yana nan. Kafin a kwana malaminsa zai tura masa saƙon murya na rabin minti, ya kira sunansa: "Yau ban ga amsarka ba. Intanet ce ko tambayar ce? Turo min inda ka tsaya in duba." Saƙon murya ya fi rubutu aiki a nan, don yaro na jin cewa ba faɗa ake masa ba. In shirun ya maimaitu sai mu kira gida. Sau da yawa dalilin ba lalaci ba ne. Waya ɗaya ce ake rabawa da yaya, ko lokacin darasin ya ci karo da wani aiki, ko kuma an wuce shi a wani babi tun makonnin baya yana jin kunyar faɗa. Kowanne da maganinsa, amma sai an tambaya ake sani.

A nan ne lissafin kasuwanci ke cin karo da na koyarwa. A intanet babu bango da zai hana ka zuba ɗalibi hamsin a aji ɗaya, kuɗin manhaja da albashin malami ba za su ƙaru ba, ribar kuwa a fili take. Abokan sana'a sun sha ba ni wannan shawara. Sai dai malami ba zai iya karanta amsa hamsin a minti guda ba, ba zai duba hoton littafi hamsin ba, ba zai tura saƙon murya ga duk wanda ya yi shiru ba. Mun tsayar da ajinmu a kan goma sha biyu, in an cika sai mu buɗe wani mu nemo malami. Girman kamfani na tafiyar hawainiya saboda haka, amma a sana'ar nan ɗalibin da ya sabunta rajista a zango na gaba ya fi sabo arhar samu nesa ba kusa ba, kuma shi ke jawo ƙaninsa da ɗan maƙwabta.

Wajen ɗaukar malami ba na tsayawa kan takardun shaida kaɗai. Nakan ba shi minti goma ya koyar da mu, ni da sauran malamai mu zama ɗalibai, mu kashe kyamara da makirufo. Ɗayanmu zai ba da amsar da ba daidai ba da gangan, wani kuma ba zai ce uffan ba har a gama. Akwai masu ilimi sosai da za su kwarara bayani minti goman nan cur, su rufe da "akwai tambaya?" Waɗannan nakan yi musu godiya in sallame su. Wanda nake ɗauka shi ne wanda kafin minti na huɗu ya kira sunan mai shirun, ya ba shi ƙaramar tambayar da zai iya amsawa, ya kuma jira.