Lorna ta Goa da shekarun da aka hana ta waƙa

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san Lata Mangeshkar, mun san Mohammed Rafi, wasunmu har sun haddace waƙoƙinsu. Amma da wuya ka sami Bahaushen da ya san Lorna Cordeiro, alhali a Goa ko sunan gidansu ba sai ka faɗa ba. Ka ce Lorna kawai, tsoho da yaro sun san wadda kake nufi. Tun da na fara sauraron tsofaffin faya-fayanta abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya: mace mai irin wannan murya ta shafe fiye da shekara 20 ba ta hau dandamali ba, kuma ba ciwo ne ya kwantar da ita ba.

Goa ɗan ƙaramin yanki ne a gaɓar tekun yammacin Indiya, mutanensa da harshen Konkani suke magana. Turawan Fotugal sun kama shi a 1510, ba su sake shi ba sai Disamba 1961 da sojojin Indiya suka shiga. A tsawon wannan zama makarantun coci suna koya wa yara goge irin na Turawa da karanta kiɗa a rubuce. Aiki kuwa babu a gida, sai samari suka riƙa kwarara Bombay (Mumbai ta yanzu), wasu su shiga jirgin ruwa, wasu su zama kuku, masu hannu a kiɗa su cika otal-otal da ɗakunan ɗaukar waƙoƙin fim. Anthony Gonsalves, wanda ya koya wa Pyarelal, shahararren mai tsara kiɗan finafinan Indiya, goge, ɗan Goa ne. Ke nan wani kaso na kiɗan da iyayenmu suka sha ji a silimomin Kano da Kaduna, hannun 'yan Goa ne ya kaɗa shi, ko da yake sunayensu ba sa fitowa a allon tallan fim.

Waɗannan 'yan ci-rani suna da wasan kwaikwayonsu na kansu, tiatr. Lucasinho Ribeiro ne ya fara shi a Bombay a 1892. Ana yanka labarin kashi shida ko bakwai, duk sa'ad da aka saki labule don sauya kayan dandamali sai mawaƙi ya fito gaba ya rera waƙar da ba ruwanta da labarin: ya caccaki ɗan siyasa, ya taɓa maƙwabciya mai gulma, ko ya yi begen gida. Da farko maza ne ke ɗaura zane su fito a matsayin mata. Regina Fernandes ce mace ta farko da ta taka wannan dandamali, a 1904, a wasan da mijinta João Agostinho Fernandes ya rubuta, kuma bayanta ma an daɗe iyaye ba sa sakin 'ya'yansu mata su hau. Mutanen da suka saba da waɗannan waƙoƙi na gaban labule, su ne suka zama masu sayen faya-fayan Lorna.

An haifi Lorna a 1944. Asalin gidansu Saligao ne a arewacin Goa, amma a unguwar Dhobi Talao ta Bombay ta girma, inda 'yan Goa suka yi cincirindo. Tana budurwa ta haɗu da Chris Perry, mai busa ƙaho irin na 'yan badujala, gwanin kiɗan jaz, wanda ya girme ta da shekara 16. Ya ɗauke ta cikin ƙungiyarsa, ya horar da ita horo mai tsanani, suka riƙa wasa a gidan rawa na Venice da ke otal ɗin Astoria. Waƙoƙin Turanci take yi a nan, masu kuɗin Bombay suna tafi.

Abin da ya sa ake tunawa da su bai faru a wannan otal ba. Perry ya fara rubuta waƙoƙi da Konkani, ya ɗora su a kan busa da ganguna irin na jaz, kamfanin HMV ya buga su a faifai, Lorna ce ke rerawa. Ni dai ban taɓa jin mace a Indiya ta wancan zamani tana waƙa haka ba. Muryar matan fim ta lokacin siririya ce, mai kunya, tana can sama. Ta Lorna daga ƙirji take fitowa, da kauri, da 'yar ƙaiƙayi a maƙogwaro, tana iya yin ƙasa da ita har ka matso da kunne, sai kuma ta ɓarke ta danne ƙahon Perry kansa. Ka saurari waƙarta Bebdo, inda take magana da bakin matar da aka aurar wa mashayi. Ba kuka take yi ba, faɗa take yi, irin faɗan matar da ta gaji har ta daina damuwa ko maƙwabta suna ji. Ba sai ka iya harshen ba kafin tsigar jikinka ta tashi. Har Mohammed Rafi sai da Perry ya jawo ya yi waƙa da Konkani tare da ita.

A 1973 suka rabu. Tsakaninsu akwai soyayya, shi kuma magidanci ne mai mata da 'ya'ya, don haka abin bai da inda za shi. Rabuwa irin wannan ba sabon abu ba ne a duniyar mawaƙa. Abin da ya bambanta tasu shi ne takarda: ta sa hannu a yarjejeniyar shekara 20 cewa ba za ta yi waƙa da wani shugaban makaɗa ba sai shi. Shi ya ci gaba da sana'arsa, daga baya ya koma Dubai. Ita ta koma gida tana da shekara 29, ta kama aiki a wurin wani likitan haƙori, alhali rediyo bai fasa sa faya-fayanta ba, kuma a bukukuwan aure a Goa wasu ne ke rera waƙoƙinta ana biyansu.

Masu kare Perry suna cewa shi ya gano ta, shi ya rubuta kalmomin, shi ya tsara kiɗan, ba don shi ba da ba a san ta ba. Ban musa gwanintarsa ba, mutumin haziƙi ne. Amma wanda ya koya wa yaro ɗinki ba shi da ikon ƙwace masa allura ranar da suka ɓata. Ya ba ta waƙoƙi, ita kuma ta ba waƙoƙin nan ran da babu wanda ya sake ba su bayanta. Kuma shekarun da aka ci mata, daga 29 zuwa 51, su ne lokacin da muryar mawaƙiya ke cika ta nuna.

Wani makaɗi ɗan Goa, Ronnie Monsorate, shi ya yi ta sintiri gidanta yana lallashi har ta yarda ta dawo. Ranar 1 ga Disamba 1995 ta hau dandamali a bakin tekun Miramar da ke Panaji, babban birnin Goa, jama'a suka yi dafifi, cikinsu har da waɗanda aka haifa bayan ta yi shiru, waɗanda a kaset kawai suka san ta. Suka fitar da kundin Hello Lorna, daga nan ta riƙa zagaya inda 'yan Goa ke ci-rani, ƙasashen Larabawa na Gulf da Ingila, tana cika zaure. Muryar ta ƙara kauri, numfashin ba kamar na da ba, amma faɗan yana nan.

Perry ya rasu a 2002. A 2014 Bardroy Barretto ya fitar da fim ɗin Konkani mai suna Nachom-ia Kumpasar a kan labarinsu, da sunayen da aka sauya, Palomi Ghosh ta fito a matsayin mawaƙiyar, har ta samu yabo na musamman a gasar finafinai ta ƙasar Indiya. Fim ne mai kyau, ya kuma dawo wa makaɗan Goa da martabar da Bombay ta hana su. Sai dai ya fi tsayawa a kan masoya biyu da ƙaddara ta raba, yana ƙarewa kusa da inda shirun ya fara. Fim ɗin da nake so wani ya yi shi ne na matar da ke tashi kullum ta tafi asibitin haƙori a Bombay, ta wuce shagon da ake sayar da faifanta.