Asabar: wunin zaɓen kayan situdiyo na ɗaki

Aikin yau guda ɗaya ne tun hantsi har magariba: tsara abin da wani matashin mawaƙi zai saya don ya riƙa ɗaukar waƙa a ɗakinsa na gida. Ɗakin mita huɗu ne da uku, daɓen tayil, rufin kwano, taga tana kallon lungu. Kuɗinsa ba za su sayi komai a lokaci guda ba, shi kuma makirufo mai tsada ya ƙwallafa wa rai. Na ce masa a irin wannan ɗakin makirufo ne kusan ƙarshen abin da za a yi magana a kai.

Da kwamfuta aka fara. Laftof ta hannu mai Core i5 ta isa, muddin tana da RAM na 16GB da SSD. Mai 8GB za ta yi aiki, amma da an tara layukan kiɗa da na murya sai ta fara sarƙewa. Abu biyu da masu saye suke mantawa a shago: su saurari ƙarar fankar ciki, su kuma gwada batir ba tare da caja ba. Batirin ba don ɗauke wuta kaɗai ba ne. Cajar jabu, ko soket marar wayar ƙasa, tana shigo da wani gurnani cikin murya, kuma hanya mafi sauƙi ta gano shi ita ce a cire caja a sake saurara. In ƙarar ta ɗauke, to an kama mai laifi. Wutarmu 50Hz ce, wato tana kaɗawa sau 50 a sakan ɗaya, a wannan amon gurnanin yake zama, sannan ya sake ɓullowa a 100 da 150. Janareto ya fi muni, don ga ƙarar injinsa ga wutar da ba ta tsaya daidai ba. Ƙaramar inbata mai tsabtatacciyar wuta ta fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Bayan azahar muka koma kan manhajar ɗaukar waƙa da haɗa ta. FL Studio ta yaɗu a situdiyoyin Kano, wannan kuwa dalili ne mai ƙarfi, domin zai iya ɗaukar aikinsa ya kai wa wani ya gyara ba tare da wahala ba. Sai dai a kula: ƙaramin nau'inta, Fruity, ba ya ɗaukar murya kai tsaye, sai daga Producer zuwa sama. Kamfanin Image-Line, mai FL Studio, yana ba wanda ya saya sabuntawa kyauta har abada. In aikin murya ya fi yawa, Reaper ta fi arha da sauƙi ga kwamfuta, lasisinta na mutum ɗaya dala 60, tana kuma ba da kwana 60 na gwaji. Wadda aka fasa ake kwafa a filashi ban ba shi shawararta ba, don tana rufewa ana tsakar aiki, wani lokacin ta zo da ƙwayar cuta.

Akwatin shigar da sauti, wanda ƴan situdiyo ke kira saun kad, nan na fi so a kashe kuɗi da hankali. Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD, kowanne yana da ƙofa biyu da maɓallin 48V, wato wutar da wasu makirufo suke buƙata. Ƙofa biyu ta fi ɗaya, don wata rana za a so ɗaukar murya da kalangu tare. Muhimmin abu shi ne a sauke direban ASIO, wato ƴar manhajar da take haɗa akwatin da kwamfuta, na kamfanin da ya ƙera akwatin. Lokacin ɗauka a sa bafa, wato yawan sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta sarrafa shi, a 128, a 48kHz jinkirinsa bai kai milisakan 3 ba. In aka bar shi a 1024 ya haura milisakan 21, mawaƙi zai ji muryarsa tana biyo shi a baya, ya kauce wa kiɗa, a ce bai iya ba alhali laifin saiti ne. Sai an zo haɗa sauti ake ɗaga bafa. A ɗauka a 24-bit, a bar ƙololuwar murya tsakanin -12 da -6 a ma'aunin ƙarfin sauti, kada ta taɓa ja.

Sai makirufo. Audio-Technica AT2020 yana da kyau, yana buƙatar 48V, amma yana jin komai: fanka, adaidaita a titi, akuyar maƙwabta, da amsa-kuwwar tayil. Shure SM58 ba ya buƙatar wutar, kuma da yake ana kusantar da baki sosai, murya tana danne ƙarar ɗakin. Ga wannan ɗaki shi na zaɓa. Jabunsa ya cika kasuwa, arhar da ta yi yawa alama ce. Wayar ta zama XLR, mai fil uku, kai da kai, a sa ragar tare iska, a yanke duk abin da ke ƙasa da 80Hz.

Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana komai. Darduma mai kauri a ƙasa, katifa a jingine bayan mawaƙi, bargo a taga, waɗannan su suke rage amsa-kuwwa. Hana ƙarar waje shigowa kuwa aikin gini ne, don haka a zaɓi lokacin da unguwa ta yi shiru.

Sifikun situdiyo an ɗage su zuwa gaba. Hedifon rufaffe irin ATH-M40x zai riƙe shi, ba ya kuma zubo kiɗa cikin makirufo. Fiyanon Yamaha PSR da yake da shi yana da ƙofar USB, zai buga sautukan cikin manhaja, ba sai an sayi wani ba. Jerin da aka tsayar kafin kiran magariba: laftof, saun kad, hedifon, SM58 da wayarsa, sannan inbata in kuɗi sun shigo.